Shafin da Na Tsallake

Paris ba ta yi mini maraba ba, ni ma ban yi mata ba. Na sauka da akwati ɗaya, da takardar shiga makarantar injiniyoyi ta Lyon, da lambar wani Alhaji abokin mahaifina da ya yi alkawarin sauke ni mako uku kafin a buɗe karatu. A waya ya ce da Baba ɗaki yana nan an share. Ɗakin ya zama katifa a bayan kantinsa na Saint-Denis, tsakanin bandir-bandir na atamfa, kuma kullum safiya ni ne mai jido su zuwa gaba. In baƙo ya shigo sai Alhaji ya nuna ni da baki ya ce, "Ɗan aminina ne daga Damagaram, ina riƙe da shi saboda Allah." Na yi ta murmushi har kumatuna suka gaji.

Juma'ata ta biyu a garin na haɗu da Sha'aibu. Ina tsaye a ƙofar masallaci cikin shadda mai sitaci, haƙorana suna karo da juna don sanyi, ina shaida wa mahaifiyata ta waya cewa komai lafiya lau. Wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa ya tsaya ya jira na gama ƙaryata, sannan ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mini.

"Ɗan boko na, ko?" in ji shi. "Ku kaɗai ka zuwa ƙasag ga da shadda."

Mutumin Galmi ne, ya girme ni da shekara goma sha biyar. Shekara goma sha biyu ya yi yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, yana kai albasa bakin teku ta duwatsun arewacin Togo. A Faransa kuwa jidar nama yake yi a ɗakunan sanyi na kasuwar Rungis da ke gefen Paris, har bayansa ya fara kai ƙara. Ranar ya kai ni ɗakinsa, ya dafa shinkafa da miyar albasa, na ci har na ji kunya. Shi ya raɗa mini suna Injiniya tun ban shiga aji ba, shi kuma ya ɗauki akwatina a ka har bakin jirgin ƙasa ranar da zan wuce Lyon. Ina son a riƙe wannan, saboda abin da zan faɗa nan gaba. Na so mutumin nan ƙwarai, kuma Yaya nake ce masa.

Shekara uku na yi a Villeurbanne, gefen Lyon, daga ɗaki zuwa taram, jirgin cikin gari, daga taram zuwa aji. Kewar gida ba ta zo mini da hawaye ba. Ta zo mini da jin haushin komai, har burodinsu mai yanka dasashi. Duk Juma'a sai saƙon muryar Sha'aibu ya shigo, gaisuwa mai tsawo kamar muna zaune a zaure, daga ƙarshe ya ce, "Ka yi karatu, Injiniya, kak ka ƙare ga jidar nama." Na yi karatun. Na fito da sakamako mai kyau, na aika takardun neman aiki ko'ina, aka yi ta ba ni haƙuri cikin ladabi. Takardar zamana a ƙasar ta ɗalibi ce, za ta mutu a ƙarshen kaka. In ban sami wanda zai sa mini hannu a kwantiragin aiki ba kafin lokacin, gida zan koma.

Cikin wannan hali na sami sitaj, wato zaman koyon aiki, a garejin wata tsohuwa mai suna Madam Odil, can saman tuddan da ke kallon kogin Saône. Ta haura saba'in, tana ɗingishi saboda ciwon ƙugu. Ta gaji motoci uku masu aiki da tururi daga mahaifinta, masu tara irinsu kuma suna kawo mata gyara daga nesa. Ranar farko ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ta gaji da kwanciya a ƙarƙashin mota, tana neman wanda za ta ɗauka aiki na dindindin. Mutum ɗaya take so, ba biyu ba.

Babbar cikin motocin ja ce, ƙirar Amurka, ta wuce shekara ɗari. In ka buɗe gabanta ba inji za ka gani ba, tukunyar ruwa ce, da murhun kananzir a ƙarƙashinta. Sai ka yi rabin awa kana lallashin wuta kafin allurar agogon tururi ta hau. Ba ta da giya. Injin yana kwance a ƙasa, haɗe da ƙafafun baya kai tsaye, kana ba shi tururi da wani ɗan hannu da ke ƙarƙashin sitiyari. Abin takawa biyu ne. Na dama birki ne, ƙafafun baya kaɗai yake kamawa. Na hagu kuwa, wanda yake daidai inda direban kamyo yake takawa in zai sauya giya, shi yake juya injin ya koma da baya.

Wata biyar ina koyon motar nan da biro da takarda. Madam tana girmama ni, tana kirana da cikakken sunana kamar yadda yake a fasfo, tana ce mini "ku", irin na girmama baƙo a Faransanci. Ban taɓa jin dariyarta ba, ban kuma damu ba. Na ɗauka ba ta da ita ne.

Ni da bakina na kawo Sha'aibu. Za a ciro tukunyar jar motar a duba ta, ƙarfina da na Madam bai isa ba, sai na ce ina da yaya a Paris, kuma yana hutun wata guda. Ya zo da ƴar jakarsa don kwana biyu. Muka ciro, muka mayar, Madam ta kunna wuta, muka fita zagaye a filin gareji. Yana zaune a baya ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

"Hwamhwon ruwa na hagu shina shan iska," in ji shi.

Mako uku ina neman dalilin da ya sa ruwa ba ya cika tukunyar nan da kyau. Na cika shafi shida da lissafi. Madam ta sa aka tsaya, ta kwance famfon, sai ga fatar bakinsa ta cinye. Ta dubi Sha'aibu, ta dubi fatar, sannan ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Ashe tana da ita. Ta roƙe shi ya ƙarasa hutunsa a wurinmu.

Daga ranar na fara ciwon da ba a zuwa asibiti da shi. Kwana biyu kacal ta koma ce masa "kai". Kwana huɗu ya fara kiranta Inna, ta tambayi ma'anar, aka faɗa mata, ta ce ta karɓa. Akwai wani kofin ƙarfe na mahaifinta a rataye a bango, wata biyar ina ganinsa ban taɓa ganin an sauke shi ba, sai ga Sha'aibu yana shan kofi a ciki. Faransancinsa na kasuwa ne, ya karya nan ya ɗaure can, amma su zauna su yi awa guda suna hirar birki da tudu, ni ina gefe da difloma ina wanke sifana. In ya ɗora tafin hannunsa a jikin motar sai ka ce goshin ɗansa yake taɓawa. Ni sai na duba agogo nake sanin abin da take ciki, shi kuwa ji yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai, bai san ina yi ba. A ɗakina yake kwana a ƙasa, ya riga ni tashi ya dafa shayi, ya wanke mini kwano. Da ya yi mini ko ɗan gani-gani, da na sami inda zan rataya haushina. Ina cin abincinsa ina jin zafinsa, kuma na san sarai sunan abin da nake ji. Hassada ce.

A mako na uku Madam ta tara mu ta ce ba za ta ɓoye ba, zuciyarta ta rabu biyu. Ƙarshen wata za ta gwada mu a kan jar motar, wanda hankalinta ya kwanta da shi za ta sa wa hannu. A taram muna komawa Sha'aibu ya ce, "Ni hwa ba neman aiki na zo ba." Can sai ya dubi hannuwansa ya ce, "Amma shekara takwas rabon da in wuni hannuna da ɗumi. Bayan ma ya bar ni in yi kwana." A raina na ce, kai kana da takardar zama ta shekara goma a aljihu, ni saura mako bakwai.

Madam ta ba ni tsohon littafin motar, na Ingilishi, ta ce in karanta wa Sha'aibu shi duka, shafi bayan shafi, tunda ni na iya harshen. Ya sayi kaye, ɗan littafin rubutu irin na ƴan makaranta. Kullum bayan la'asar mu zauna a benci a ƙofar gareji, ina fassarawa yana rubutawa da ajami, daga dama zuwa hagu, harshensa a waje kamar mai saka zare a allura. Na fassara masa kunna wuta, da duba ruwa, da man injin da ke tafiya tare da tururi. Ban rage masa komai ba har shafi na ashirin da biyu.

A shafi na ashirin da uku akwai zanen mota tana saukowa daga tudu, da layi huɗu a ƙarƙashi. Na karanta su a zuci. Cewa aka yi a doguwar gangara birki yana zafi ya daina kamawa, don haka a rufe tururi, a taka na hagu, injin ya riƙe motar. Amma kafin a taka, dole a buɗe ɗan famfon ƙasa wanda ake zubar da ruwan injin da shi. In ba a buɗe ba, injin zai yi ta cusa iska cikin bututu ba ta da mafita, har ƙafafun baya su ƙage. In kuma aka ɗaga ƙafa a lokacin, iskar da ta taru za ta wurga motar gaba.

Na juya shafin.

"Mi anka ce ga wanga?" in ji Sha'aibu.

"Ba komai, Yaya. Hoto ne."

"Littahin mota, ba maganar gangara?"

"Birki ne kawai. A taka a hankali."

Ya ɗan dube ni, ya juya shafin kayensa, muka ci gaba. Na lallashi kaina da cewa ai a ƴar gangarar bayan gareji za a yi gwajin, inda muke zagayawa kullum. Iyaka birki ya yi hayaƙi, Madam ta ji ƙauri, ta gane ɗan nata ba waliyyi ba ne. Ba wanda zai ji ciwo. Haka na yi ta faɗa wa kaina kwana tara, har a kan sallaya.

Ranar gwaji an kwana ana ruwa, ganyaye sun zube sun manne a kwalta. Madam ta fito da makullin ƙaramar motarta ta ce ba bayan gareji za mu ba. Za mu hau har ƙolin tudu, mu sauko ta doguwar hanyar da ke gangarawa bakin kogi. Ni zan hau da ita, Sha'aibu ya sauko da ita, kowa yana zaune kusa da ɗan'uwansa, ita tana biye da mu a baya. Ban taɓa kawo wa raina cewa zan kasance a cikin motar ba.

Na hau da ita lafiya, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Duk tsawon hawan maganar tana bakina. A ƙoli muka tsaya, muka duba ruwa, muka sauya kujera. Na buɗe baki na ce, "Yaya." Daidai nan Madam ta ɗingiso ta miƙa masa safar hannu ta fata, tsohuwa, duk ta yi baƙi. Ta mahaifinta ce, in ji ta, da ita yake saukowa wannan tudun. Ta gyara masa wuyan riga. Ni da na hau da motar ba ta ce mini ko sannu ba.

"Mi kac ce, Injiniya?"

"Ba komai. Allah ya kiyaye."

Da farko abin ya tafi daidai. Ya rufe tururi, yana taɓa birki yana saki. Motar tururi ba ta da ƙara in tana gangarawa, sai iska da kukan ƙafafu a kan jiƙaƙƙen ganye. Bayan kwana ta uku na fara jin ƙauri, irin na fatar da aka manta a bakin murhu. Na ga ƙafarsa ta dama tana nutsewa har ta kusa taɓa ƙasa, motar kuwa ƙara gudu take yi.

"Birki ya tahi," in ji shi, murya a kwance kamar yana faɗin lokaci.

Ba tunani ya yi ba. Ƙafarsa ta hagu, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana neman giya a duwatsun Togo, ita ta kai kanta ta taka. Motar ta yi wata girgiza, ta ja baya da mu kamar an riƙe mata wutsiya. "Yauwa," in ji shi, "injin ya kama." Har murmushi ya yi. Ni kuwa ina jin numfashin injin a ƙarƙashinmu yana ƙara nauyi, ina ƙirga layukan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Sai ƙafafun baya suka ƙage. Gindin motar ya fara sulalewa gefe, wajen wata katangar dutse. A gabanmu kwana ce mai kaifi, bayanta rufin gidaje ne a ƙasa, sai kogi. Duk direban da ya san aikinsa, in ƙafa ta ƙage sakinta yake yi. Na ga gwiwarsa ta fara ɗagowa.

"Kada ka ɗaga, Yaya!"

Na duƙa tsakanin kujerunmu na kama hannun ɗan famfon na murɗa. Ƙarfen ya ɗauki zafi, na ji fatar tafina tana mannewa, ban saki ba. Iska da tururi suka fashe a ƙarƙashin motar, fari fat, ƙafafun suka sake juyawa, gindin ya dawo kan hanya. Muka sha kwanar, katanga tana wucewa dab da gwiwar hannuna.

Ko a wannan hali sai da na ji hassadarsa, Allah ya gani. Kafin kwana ta gaba ya riga ya gane abin. Yana danna na hagu yana sassautawa, yana sauraron hucin famfon, yana barin birki ya huce. Abin da na karanta a littafi na ɓoye, ƙafarsa ta koye shi cikin minti biyu, ta kuma fi ni iyawa. Ya sauko da mu har bakin kogi kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ya tsayar da ita, ya kashe wuta.

Madam ta tsaya a bayanmu, ta fito fuskarta ba jini. Ta ga sulalewar, ta ga tururin, ta kuma ga wanda ya duƙa. Ta tsaya a gaban Sha'aibu ta ce, "Me ya sa ba ka buɗe famfon ba kafin ka taka? Yana cikin littafin. An karanta maka."

Na jira. Na riga na ga kaina a filin jirgi da akwatina. Sha'aibu bai dubi fuskata ba, hannuna da ya ƙone ya duba.

"Na mance, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce tana iya yafe komai, amma ba za ta iya sa hannu ga mai mantuwa a kan tudu ba. Ya cire safar ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ta juyo ta kama hannuna ta duba ƙunar, ta ce, "Kai ka cece ku." Karo na farko ke nan da ta ce mini "kai". Wata shida ina jiran kalmar, da ta zo ban ji ɗanɗanon komai ba.

Kwana biyu bayan haka na raka shi tashar jirgin ƙasa. Na so in ɗaukar masa jaka, ya hana saboda hannuna. Da aka kira jirgin Paris sai ya zaro kayen nan ya ba ni.

"Riƙe. Ni ba ni da abin yi da shi yanzu."

Na buɗe don kada in dube shi. Ban iya ajami sosai ba, amma lamba kowa ya iya. Ashe duk shafin da na karanta masa sai ya rubuta lambarsa a sama. Ga ashirin da biyu cike da rubutu, ga ashirin da huɗu cike da rubutu. A tsakaninsu ya rubuta ashirin da uku, ya bar shafin fari.

"Na ga rubutu ƙarƙashin hoton," in ji shi. "Na ce wataƙila ka gaji, ka dawo mashi daga baya. Kullum ina jira."

"Yaya, ni..."

"Da ka ce mani kana so, Injiniya, da tun rannan na koma. Ni ina da takarda, kai ba ka da. Ba sai mun kai bakin katanga ba." Ya gyara jakarsa a kafaɗa. "Ka sa ma hannun zuma. Ka kula da Inna."

Na sami kwantiragin, na sami takardar. Shekara uku ke nan ina garejin. Na sauko wannan tudun ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da na duƙa zan buɗe famfon sai tabon tafina ya dace da ƙarfen. Kofin mahaifin Madam ya koma bango, safar ta koma cikin akwati. Ba ta taɓa cewa in kira ta Inna ba, ni ma ban gwada ba. Duk Litinin sai ta tambaye ni, "Ina labarin ɗana?"

Saƙon Juma'a bai daina zuwa ba, sai dai ya gajarce. Bara na sami ƙarfin hali na ɗauko kayen, na rubuta layukan nan da boko a farin shafin, na ɗauki hotonsa na aika masa. Ban ƙara ko kalma ba. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo. Ina jin ƙugin injin ɗakin sanyi a bayansa, yana magana yana nishi irin na mai ciwon baya. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Sannan ya ce, "Na gani, Injiniya, wani ya karanta mani. Ashe layi huɗu na kawai." Ya ce in gaida Inna, in tambaye ta ƙugu.

Na saurari saƙon sau uku. Gaisuwar kuwa sai da ta kwana biyu a bakina kafin na isar mata.